Ma'anar Metroidvania: wasan da ke barin ka ka ɓata da gangan

Metroidvania suna ne na wani nau'in wasan bidiyo da ake jefa ɗan wasa cikin duniya guda ɗaya mai faɗi da rassa, wadda ba a yanka ta mataki-mataki ba. Tun da wuri za ka riƙa hango wuraren da ba ka da ikon isa: ga tudun da tsallenka bai kai ba, ga tafki mai ƙona jiki, ga ramin da ya fi ƙarfin ketarawa. Dole ka wuce ka bar su. Can gaba, bayan ka kayar da wani bos, wato babban abokin gaba mai wuyar kayarwa, ko ka tono wani ɓoyayyen ɗaki, sai ka sami sabuwar baiwa, misali manne wa bango ko ƙara tsalle na biyu kana cikin iska. Nan take tudun nan da ka bari a baya zai faɗo maka a rai, ka juya ka koma. Mabuɗin kowace ƙofa yana cikin abin da jikin jarumin ya koya, kuma a kan wannan aka gina nau'in gaba ɗaya.

Sunan haɗin wasanni biyu ne na Japan. Metroid na kamfanin Nintendo ya fito a 1986, sannan Super Metroid na 1994 ya zo da taswirar da ke cika kanta yayin da kake tafiya. Castlevania na kamfanin Konami shi ma a 1986 ya fara, amma da farko wasa ne na miƙewa sambal daga mataki zuwa mataki. Sai a 1997 Symphony of the Night ya mayar da fadar Dirakula gida ɗaya da ake yawo a cikinsa, ya ƙara makamai, sulke da ƙarin ƙarfi ga jarumi. 'Yan wasa ne suka haɗa sunayen biyu, ba kamfanonin ba. Koji Igarashi, wanda aka fi dangantawa da wancan Castlevania ɗin, ya bayyana cewa wasannin Zelda ne suka fi yi musu tasiri lokacin da suke aikin.

Da manyan kamfanoni suka karkata ga wasanni masu siffa uku (3D) da tsadar gaske, ƙananan masu ƙirƙira da ke cin gashin kansu, waɗanda ake ce wa indi, su suka riƙe nau'in. Dalilin a fili yake: zanen gefe mai siffa biyu (2D), inda ake kallon jarumi ta gefe, bai buƙatar ɗaruruwan ma'aikata, kuma ɗaki ɗaya da aka zana zai yi aiki sau uku ko huɗu tunda ɗan wasa zai sake bi ta cikinsa. Daisuke Amaya shi kaɗai ya yi Cave Story cikin kimanin shekara 5, ya sake shi kyauta a 2004. Thomas Happ ma shi kaɗai ya yi Axiom Verge na 2015, har da kiɗansa.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin nau'in da rauninsa a wuri ɗaya shi ne Hollow Knight, wanda Team Cherry, wata 'yar ƙungiya a birnin Adelaide na Ostareliya, ta fitar a Fabrairun 2017. Ari Gibson da William Pellen ne suka jagoranci aikin, Christopher Larkin ya yi kiɗa. A 2014 suka nemi tallafi a Kickstarter, shafin intanet na tara kuɗi daga jama'a, suka tara kusan dalar Ostareliya 57,000. Wasan da aka fara da wannan ɗan kuɗi ya kai kwafi miliyan 15 da aka sayar zuwa 2025, kuma dalar Amurka 15 aka sa masa.

Kai ɗan ƙwaro ne mai riƙe da ƙusa a matsayin takobi, ka sauka cikin Hallownest, masarautar ƙwari da ta rushe a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya fi burge ni a wasan shi ne yadda ya ɗauki taswira. Idan ka shiga sabon yanki ba ka da ita ko kaɗan. Sai ka bi sautin wani mai zana taswira, Cornifer, da ke rera 'yar waƙarsa a wani lungu, ka bi takardun da ya zubar a ƙasa har ka same shi, ka saya. Abin da zai ba ka ma rabi ne. Sauran kai za ka cike da alƙalamin da matarsa Iselda ke sayarwa a ƙauyen Dirtmouth, kuma ba ya rubutuwa sai ka zauna a benci ka huta. Ko ganin inda kake a kan taswirar sai ka ɗaura layar kamfas, wadda ke cin gurbin da za ka iya sa wata layar faɗa. Sakamakon haka, dole ka koyi wurin da idonka da kunnenka, kamar baƙo a lungunan tsohon birnin Kano da ba shi da ɗan jagora: yau ya ɓata, gobe ya gane wata ƙofa, bayan mako guda yana yanke hanya. Koren ganyen Greenpath, ruwan saman da ba ya tsayawa a City of Tears, duhu da motsin ƙafafu a Deepnest, duk suna zama alamomin hanya a kanka. Ranar da ka ɓullo ta wata ƙofa ka ga ashe ka dawo wurin da ka sani tun farkon wasa, daɗin da za ka ji ba ya samuwa a wasan da ke ɗora maka kibiya yana nuna maka gaba.

Faɗan ma an yi masa tunani. Sai ka doki abokin gaba kake tara ƙarfin da za ka warkar da kanka, kuma warkarwar tana buƙatar ka tsaya cak na ɗan lokaci. Gudu ba zai cece ka ba, dole ka shiga, sannan ka karanci bos ka san lokacin da zai ba ka sarari.

To amma wannan ɓatan da nake yabo shi ne kuma babban aibin. Akwai ɓata mai koyarwa, akwai ɓata mai cin lokaci kawai. Mutum zai iya shafe awa guda yana zagaye ɗakunan da ya gama da su saboda ya manta wane bango ne ya gani mai tsagewa, kuma wasan ba zai tuna masa ba. Farkon Hollow Knight ma yana da nauyi: kafin ka sami mayafin da ke ba ka damar zabura gaba, bayan karonka da wata mayaƙiya mai suna Hornet, tafiyar tana da sanyi, kuma nan mutane da yawa ke ajiye shi. Idan ka mutu, kuɗinka na Geo suna zama tare da inuwarka a inda ka faɗi, in ka sake mutuwa kafin ka kai gare ta sun tafi ke nan. Wannan hukunci yana sa tsoron shiga wurin da ba ka sani ba, alhali shiga irin wurin ne manufar wasan. Abin da na fi ƙi kuwa shi ne nisan benci, inda kake farfaɗowa bayan ka mutu, da wasu bos-bos. Ka sha kashi, ka sake bin doguwar hanya mai ƙaya da ƙananan maƙiya, ka sake shan kashi cikin daƙiƙa talatin. Hanyar ba ta ƙara maka komai bayan karo na biyu. Labarin kuma a warwatse yake cikin gajerun maganganu da rubutun kan duwatsu, har wanda ya gama wasan kan nemi bayani a YouTube kafin ya san abin da ya faru da masarautar.

Silksong, ci gaban Hollow Knight wanda aka sanar a 2019 ya kuma fito ranar 4 ga Satumba 2025, ya gaji ƙarfin da raunin duka biyun. Hornet, wadda ita ce jarumar wasan a wannan karon, ta fi sauri da iya motsi, amma koke ya yi yawa kan maƙiyan da ke cire rai biyu a bugu ɗaya da bencin da sai an biya kafin a zauna. A gyaran farko Team Cherry ta ɗan sassauta bos biyu na farkon wasan, Moorwing da Sister Splinter.

Yanzu ana liƙa sunan metroidvania ga kusan duk wasan gefe mai takobi, kuma hakan na ruɗar mai saye. Dead Cells na 2018 wasa ne mai kyau, amma ɗakunansa suna sauya tsari duk lokacin da ka mutu, don haka babu wurin da za ka haddace. A ganina wanda ke neman ainihin nau'in ya duba abu biyu: ko duniyar tana nan yadda take, da ko sabuwar baiwa tana buɗe tsohon wuri. Ga mai wasa a waya, Team Cherry ba ta fitar da Hollow Knight a Android ko iPhone ba, amma Konami ta sa Symphony of the Night a kansu tun 2020.