Maganin Bubbuga Jiki da Yatsu

Maganin bubbuga jiki da yatsu wata hanya ce ta neman sauƙin damuwa wadda ba ta cikin tsarin maganin asibiti. Mutum yakan riƙa bubbuga wasu gurabe na fuskarsa da ƙirjinsa da hannunsa da kan yatsu biyu, yana tuna abin da ke damunsa, yana kuma ambatonsa da baki. An fi saninta a duniya da taƙaitaccen suna EFT, daga Turancin Emotional Freedom Techniques, wato dabarun 'yantar da zuciya daga damuwa. Masu koyar da ita suna cewa tana maganin tsoro da fargaba da firgitar da ke biyo bayan bala'i, wasunsu ma har sukan ƙara da ciwon jiki da ƙiba da shan taba. A ƙauyukan Kano da Jigawa ba ta da mai sana'ar da aka san shi da ita, kamar yadda aka san wanzami da ƙaho ko maɗori da karaya. Wanda ya ci karo da ita galibi a waya ya gan ta, cikin gajeren bidiyon da wani ya turo masa.

Asalinta

Duk da ana yawan jingina ta ga tsohon maganin ƙasar Sin, hanyar ba ta daɗe ba, kuma a Amurka aka ƙirƙiro ta. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Roger Callahan, wanda ya rasu a 2013, shi ne ya fara ta wajen shekarar 1980. Ya ba da labarin wata mata da ya daɗe yana fama da ita kan tsananin tsoron ruwa, wadda ta ce masa tana jin tsoron ne a cikinta. Da yake ya karanta cewa a maganin Sin akwai wata magudanar ƙarfi da ake dangantawa da tumbi, wadda ke ratsawa ta ƙarƙashin ido, sai ya sa ta bubbuga wurin, kuma a faɗarsa nan take tsoron ya gushe. A 1985 ya fitar da littafin da ke da'awar kawar da tsoro cikin minti biyar. Tsarinsa, wanda ake kira TFT (taƙaitaccen sunan Thought Field Therapy a Turance), ya tanadi jerin gurabe daban ga kowace matsala, daga baya ma ya ce yana iya gano jerin da ya dace da mutum ta sauraron muryarsa a tarho, yana karɓar dala 100,000 a hannun mai son koyon wannan sirri.

Ɗaya daga cikin ɗalibansa, Gary Craig, injiniya ne da ya yi karatu a Jami'ar Stanford, ba likita ba. A tsakiyar shekarun 1990 ya dunƙule jerin nan masu yawa ya mayar da su guda ɗaya da za a yi wa kowace irin matsala, ya sa masa suna EFT, ya kuma baza littafin koyonsa kyauta a intanet. Sauƙin nan da arahar su suka yaɗa ta.

Tunanin da aka gina ta a kai shi ne cewa akwai wani ƙarfi da ke gudana a jiki ta manyan magudanai 12, irin waɗanda masu soka allura na Sin suke bi, cewa baƙin ciki da tsoro alamar toshewar wannan ƙarfi ne, bubbugawa kuwa tana buɗe shi. Masana ilimin jikin ɗan Adam sun san jijiyoyin jini da jijiyoyin laka dalla-dalla, amma ba su taɓa samun waɗannan magudanai ba, kuma babu na'urar da ta auna ƙarfin da ake magana a kai.

Yadda ake yin ta

Mai yi zai fara da auna damuwarsa da kansa daga 0 zuwa 10. Sai ya bubbuga gefen tafin hannunsa yana maimaita wata jimla sau uku, wadda ma'anarta ita ce: duk da ina da wannan damuwa, na karɓi kaina yadda nake. (Jimlar tana da baƙunta a kunnen Bahaushe, wanda ya fi sabawa da zancen haƙuri da dangana.) Daga nan zai bi farkon gira, da gefen ido, da ƙarƙashin ido, da ƙarƙashin hanci, da haɓa, da ƙashin wuya, da ƙasan hammata, da tsakiyar kai, yana bubbuga kowane wuri kamar sau bakwai, yana kiran sunan damuwar a taƙaice. Zagaye ɗaya ba ya wuce minti biyu. Idan ya gama sai ya sake aunawa, in lambar ba ta sauka sosai ba ya maimaita.

Abin da bincike ya nuna

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne tushen yawancin gardamar. Ta farko, shin mutane suna jin sauƙi bayan sun yi? Ta biyu, idan sun ji, shin guraben ne suka kawo sauƙin?

A kan ta farko, akwai shaidar cewa da yawa suna ji. Wani nazari da aka buga a 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje 14 da suka shafi mutum 658, ya samu raguwar fargaba mai yawa ga waɗanda suka yi EFT, sai dai ya nuna cewa bayanan da za a kwatanta ta da ingantaccen maganin tattaunawa na asibiti sun yi kaɗan. Gwaje-gwajen irin wannan galibi ƙanana ne, ma'auninsu abin da mutum ya faɗa da bakinsa ne, sau da yawa ana kwatanta masu bubbugawa ne da mutanen da aka bari suna jira ba a yi musu komai ba, kuma kaso mai tsoka na binciken ya fito ne daga hannun masu koyar da hanyar suna samun kuɗi da ita. Mai tallan fura ba ya cewa nononsa ya yi tsami.

A kan ta biyu, gwajin da aka fi ambato shi ne wanda Waite da Holder suka yi a Kanada a 2003, da ɗaliban jami'a 119 masu tsoron abubuwa daban-daban. Sun raba su gida huɗu: wasu suka bubbuga guraben EFT, wasu suka bubbuga wuraren da ba sa cikin tsarin a kan hannu, wasu suka bubbuga 'yar tsana maimakon jikinsu, na huɗu kuwa ba su bubbuga komai ba. Rukuni ukun farko duka sun samu raguwar tsoro kusan daidai da juna. Idan bubbuga 'yar tsana yana yin aikin da bubbuga ƙarƙashin ido yake yi, to batun magudanar ciki ya faɗi. Haka kuma Monica Pignotti, wadda ta taɓa zama ta hannun daman Callahan, ta gwada jerin da aka zaɓo ta sauraron murya da jerin da aka zaɓo da ka, ta tarar babu bambanci, daga baya ta fito fili tana sukar hanyar.

Bayanin da ya fi dacewa da waɗannan sakamako sananne ne ga masana. Tunkarar abin tsoro a zuci sannu a hankali, cikin kwanciyar hankali, tsohuwar dabara ce da aka tabbatar tana rage tsoro, kuma tana nan cikin EFT. Ga maimaita motsi ɗaya da ke ɗauke hankali, ga numfashi da ke lafawa, ga sa ran samun sauƙi, ga kuma samun wanda ya zauna ya saurare ka. Duk wanda ya ga uwa ta ɗora jariri a kafaɗa tana bubbuga bayansa har kukansa ya koma ajiyar zuciya ya san taɓawa mai tsari tana lallashi. Uwar kuma ta san cewa idan jikin yaron ya yi zafi rau, ido ya kakkafe, bubbugawa ba ta isa ba. Hukumar NICE, mai tantance hanyoyin magani a Ingila, ba ta sa EFT cikin magungunan da ta ba da shawarar a yi wa masu firgitar bayan bala'i ba a jagorarta ta 2018, ta dai nemi a ƙara bincike.

Ciwon jiki

Nan ne da'awar ta fi rauni. Damuwa tana ƙara wa mutum jin ciwo, don haka mai ciwon kai ko ciwon baya yana iya jin sassauci idan hankalinsa ya kwanta. Amma babu ingantacciyar shaida cewa bubbugawa tana kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ko warkar da tarin fuka, ko ciwon suga, ko sikila, ko daji. Hawan jini ya fi haɗari a wannan fanni, domin yana iya yin ɓarna shekaru ba tare da mai shi ya ji komai ba, jin daɗin jiki kuwa ba ya nuna cewa awon ya sauka.

A karkarar Kano da Jigawa

Ana iya fahimtar abin da zai ja mutumin ƙauye zuwa ga maganin da ba ya buƙatar kuɗin mota ko kati. A ce ga magidancin da ambaliyar 2022 ta ci gidansa da gonarsa a yankin Haɗejiya, wanda tun daga lokacin duk daren da hadari ya haɗu gabansa ke faɗuwa, barci ya ƙaurace masa. Idan ya zauna a kan tabarma ya bubbuga fuskarsa ya ji ƙirjinsa ya saki, bubbugawar ba ta cutar da shi ba. Illar tana zuwa ne ta jinkiri, da kuma ta tono mummunan abin da ya wuce alhali babu ƙwararre a kusa, wanda kan tayar wa wasu da hankali fiye da da. Mai jegon da ta daina ci da magana, da wanda ke jin muryoyin da babu su, da mai zancen kashe kansa, da mai farfaɗiya, duk suna buƙatar ganin ma'aikacin lafiya ba tare da ɓata lokaci ba. Ana farawa ne daga asibitin sha-ka-tafi ko babban asibitin ƙaramar hukuma, daga nan a tura mutum asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Kazaure a Jigawa, ko sashen da ke kula da wannan fanni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.