Waiwaye: Zaren Rakhi da Rabon 'Ya Mace a Gonar Gado

Duk shekara, idan watan Shravan na kalandar Hindu ya kai daren cikarsa, wanda galibi yakan faɗo cikin Agusta, sai muhawara ta sake tashi a Indiya kan bikin Raksha Bandhan. Masu suka na tambayar yadda mace za ta ɗaura wa ɗan'uwanta zare don ya ɗauki alkawarin kare ta, alhali sau da yawa shi ne ke riƙe da rabonta na gonar mahaifinsu. Masu kare bikin kuwa cewa suke yi zumunci ne tsantsa, kada a cusa masa rigimar gado.

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san siffar bikin. Mace takan zo da faranti ɗauke da fitila da jan gari da shinkafa da kayan zaƙi, ta ɗiga wa ɗan'uwanta jan a goshi, ta ɗaura masa zaren da ake kira rakhi a wuyan hannun dama, shi kuma ya miƙa mata kuɗi ko sari, wato zanen matan Indiya. Labaran da ake jingina masa ma sanannu ne: na gimbiya Draupadi da ta yagi gefen sarinta ta ɗaure wa Krishna, ɗaya daga allolin Hindu, yatsa, da na sarauniya Karnavati da aka ce ta aika wa Humayun, sarkin daular Mughal, zare tana neman ɗauki, ko da yake masana tarihi na shakkarsa. A 1905 kuma marubuci Rabindranath Tagore ya jagoranci Hindu da Musulmi suka ɗaura wa juna rakhi don nuna adawa da raba yankin Bengal da Turawan mulkin mallaka suka yi.

Shekarar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce 1956. Kafin lokacin, a mafi yawan arewacin ƙasar, ɗa namiji yana da rabo a dukiyar gidansu tun daga ranar haihuwa, ita kuwa 'ya mace aurar da ita ake yi wani ƙauye, domin al'ada ba ta yarda ta auri ɗan ƙauyensu ba. Don haka ƙofar ɗan'uwanta ita ce mafakarta. Shi yake zuwa ya ɗauko ta ganin gida da damina, wajensa take yaji, kuma ranar auren 'ya'yanta shi ne kawun da zai kawo kaya ya fitar da ita kunya a gaban dangin miji.

Dokar gadon Hindu ta 1956 ta sanya 'ya mace cikin magadan abin da uba ya mallaka, daidai da ɗa namiji. Daga ranar, baƙuwar da ake tarba da kyauta sau ɗaya a shekara ta zama mai iya cewa a raba. Iyalai da yawa sai suka nemi mafita a takardar yafe rabo, wadda a jihar Rajasthan ake kira haq tyag: mace ta dangwala yatsa a gaban shaidu cewa ta bar wa 'yan'uwanta maza kasonta, a sallame ta da sutura da ɗan zinari. Ba sai an tsare ta da sanda ba. Ta san wadda ta nemi gona tana iya wayar gari ba mai miƙo mata hannu ta ɗaura wa zare, ba kuma kawu a bikin 'yarta.

Gyaran da aka yi wa dokar a 2005 ya ba 'ya mace haƙƙi a dukiyar gidan gado tun daga haihuwa, kuma a Agustan 2020 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa haƙƙin yana nan ko da uban ya rasu kafin gyaran. Amma auren nesa bai gushe ba, takardar yafe rabo ma halal ce a doka. A jihohi irin su Uttar Pradesh da Haryana, mata kan hau bas ɗin gwamnati kyauta ranar bikin, su nufi ƙauyukan da da yawansu suka riga suka yafe gonakinsu a can.