Masu son hawainiya ta hayayyafa a gida, ga amsoshinku

Tun da aka ji ina kiwon hawainiya a nan Yelwa ta Bauchi, tambayoyi iri ɗaya ake ta jero mini safe da yamma. Na tara su wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Tana da dafi?

Ba ta da shi.

Yaya zan bambanta namiji da mace?

A hawainiyar ƙasar Yaman, mai dogon tukku a ka, dubi diddigen ƙafar baya. Namiji yana da ɗan tsiro kamar ƙaimi tun yana jariri, mace ba ta da shi.

In bar su keji ɗaya su saba da juna?

A'a! Wannan ba tattabara ba ce. Kowa da kejinsa. Ka kai macen wurin namijin kana tsaye. In ta yi baƙi, ta wangale baki tana huci, ba ta so, ko kuma ta riga ta ɗauka. Ɗauke ta nan take.

Ba ni da namiji, amma cikinta ya cika da ƙwai?

Haka suke, kamar kaza. Ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba, amma dole ta sauke shi.

Ta daina cin abinci, tana sauka ƙasa tana tono, amma ba ta saka ƙwan ba. Me zan yi?

To, a nan ne ake asararsu, kuma amsar ta danganta. Bayan barbara, ta Yaman kan ɗauki kwana 20 zuwa 30 kafin ta sauke, kuma daina ci a kwanakin ƙarshe ba ciwo ba ne. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Fara duba abin da ka ba ta ta tona. Bokiti take so, mai yashi gauraye da ƙasa, zurfin santimita 30, da damshin da in ka zura hannu ka yi rami ba zai rufta ba. Tana iya tona rami biyu ko uku ta watsar, wannan ma ba laifi.

Sai leƙe. Ni da kaina na kashe tawa ta farko da leƙe. Duk bayan ɗan lokaci sai in ɗaga zanin da na rufe kejin, ita kuma ta juyo ido ɗaya ta gan ni, ta bar ramin ta hau reshe. Wata safiya na same ta kwance a gindin bokitin, yashi a hancinta, idanu sun faɗa ciki, ƙwan yana nan a cikinta. Har yau abin yana damuna. Rufe kejin, kori yara, ka tafi abinka.

Amma fa in ta fara rufe ido da rana, ko hannunta ya kasa riƙe reshe, jira ya ƙare. Ƙwan ya maƙale ke nan, sai likitan dabbobi a ranar. Kada ka matsa cikinta, ƙwan zai fashe a ciki. Sau da yawa tushen matsalar ƙarancin kalsiyam ne, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ɓawon ƙwai, ko ciyarwa fiye da kima har ta tara ƙwai 60 ko 70. Barbaɗa garin kalsiyam a kan gyare da fara, ka bar ta ta sha hantsi kai tsaye, don na bayan gilashi ba ya amfana mata komai.

Wata biyar ƙwan bai ƙyanƙyashe ba, in zubar?

Gaggawar me kake yi? Na Yaman yakan kai wata 6 zuwa 9. Kada ka juya shi, yadda ka tono shi haka za ka kwantar. Zafin digiri 26 zuwa 28 na Salshiyas yake so, alhali Maris da Afrilu a Bauchi ana dosar 40, saboda haka ni a ƙasa nake ajiye robar yashin da na kwantar da ƙwan a ciki, jikin randa. Da hunturu yayyafa ruwa a gefen yashin, ban da kan ƙwan. Wanda ya lotsa, ya yi funfuna yana wari, shi kaɗai za ka cire.

Farar gona fa, zan iya ba ta?

In an yi feshin magani a gonar, ko guda ɗaya kada ka ba ta.