Binciken gajiyar ƙarfe da manhajar kwamfuta

Gajiyar ƙarfe ita ce lalacewar da ke samun ƙarfe sannu a hankali idan nauyi yana hawa yana sauka a kansa ba ƙaƙƙautawa, har ya tsage ya karye, alhali nauyin bai kai wanda zai karya shi a karo guda ba. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya ga abin da idonsa. Binciken gajiya kuwa lissafi ne na gano sau nawa ƙarfe zai jure wannan hawa da sauka, da kuma inda tsagar za ta fara. A yau injiniyoyi na yin sa da manhajar da ke aiki da hanyar ƙananan yankuna, wadda ake taƙaitawa FEM, ko MEF a makarantun Kamaru da Chadi masu koyarwa da Faransanci.

Asali

Jirgin ƙasa ne ya tilasta wa masana kula da matsalar. A 1842 sandar ƙafar wani jirgi ta karye a Meudon, tsakanin Versailles da Paris, mutane da dama suka rasu. Daga baya injiniyan Jamus August Wöhler ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe a injin gwaji yana ƙirga zagayen da kowace ta yi kafin ta karye, ya taƙaita sakamakonsa a 1870. Daga aikinsa aka samo jadawalin S-N, mai nuna matsi, wato nauyin da ke kan kowane ɗan fili na ƙarfen, a gefe guda da yawan zagayen hawa da saukar nauyi a ɗaya gefen. A 1954 jiragen sama biyu ƙirar Comet na Ingila suka tarwatse a sama, bincike ya nuna tsaga ce ta faro daga kusurwar wata kafa da aka yanka a jikin jirgin. Hanyar ƙananan yankuna ta fito ne daga masana'antar jiragen sama a wannan zamanin, kuma Ray Clough ya raɗa mata suna a 1960.

Yadda lissafin ke tafiya

Ana fara zana abin a kwamfuta, sai manhaja ta yayyanka shi zuwa dubban ƙananan yankuna da ke haɗe da juna. Wannan shi ake kira raga. Injiniya ya faɗa mata irin ƙarfen, inda aka ɗaure shi, da inda nauyi ke danna shi, ita kuma ta fitar da matsin da ke kowane yanki, ta nuna shi da launuka, ja inda ya yi tsanani. Wannan hoton rabin aiki ne kawai, kodayake masu koyo da yawa a nan suke tsayawa. Hoton bai san sau nawa nauyin zai dawo ba.

Rabi na biyu shi ne tarihin nauyi. Motar da ke kan hanya ba ta samun bugu iri ɗaya: akwai ƙananan girgiza dubbai, akwai rami ɗaya mai tsanani. Ana rarrabe wannan hargitsin zuwa zagaye-zagaye da dabarar da Japanawa biyu, Matsuishi da Endo, suka fitar a 1968. Kowane rukuni sai a duba jadawalin S-N a ga kason rayuwar ƙarfen da ya ci, a tara su bisa ƙa'idar Palmgren (1924) da Miner (1945). Idan jimilla ta kai 1, lissafi ya ce ƙarfen ya ƙare. Ƙa'idar ba ta damu da wane bugu ne ya riga wani ba, kuma wannan rauninta ne sananne. Ana kuma gyara lissafin idan ƙarfen yana cikin ja na dindindin, galibi da layin Goodman, mai rage matsin da aka yarda da shi gwargwadon ƙarfin jan, domin ja yana buɗe tsaga, dannawa kuwa tana rufe ta.

Inda matsi ya kai ƙarfe yana lotsewa a kowane zagaye, ana komawa ga dabarar Coffin da Manson, mai lissafi da miƙewar ƙarfen maimakon matsi. Inda tsaga ta riga ta bayyana, dokar injiniya Paul Paris ce ke ƙiyasta saurin girmanta. Baƙin ƙarfe na da iyakar da idan matsi bai wuce ta ba yakan jure miliyoyin zagaye, kusan rabin ƙarfin da ke tsinka shi, amma alminiyum ba shi da tsayayyiyar iyaka irin wannan.

Walda da lodi

A arewacin Kamaru da Chadi batun ya fi shafar manyan motoci. Kayan da jirgin ƙasa ya sauke a Ngaundere tireloli ne ke ɗaukarsu ta Garwa da Marwa zuwa Kusiri, su haye Logon su shiga Njamena. Shasi da sifirin da mahaɗin tirela duk suna shan bugu a wannan doguwar hanya, kuma abin da makanikai ke yawan gani shi ne tsaga a bakin walda ko a gefen ramin noti. Ba mamaki: ramin da'ira a faffadan faranti yana ninka matsin gefensa sau 3.

Walda ta fi wahalar lissafi. A ƙa'idojin Cibiyar Walda ta Duniya da na Turai, kowane irin haɗi na da ajinsa, wato matsin da zai jure sau miliyan 2, kuma rayuwarsa na raguwa daidai da matsin idan aka ninka shi da kansa sau uku. Ma'ana, ƙarin matsi na kashi 10 cikin 100 yana cin kusan rubu'in rayuwar haɗin, ƙarin rabi ya bar shi da ƙasa da sulusi, ninki biyu kuma ya bar shi da ɗaya bisa takwas. Mai mota da ke ɗora lodi fiye da ƙima yana biyan wannan lissafin a gareji. Wani abin da mutane ba su cika yarda da shi ba: sayen ƙarfe mai ƙarfi ba ya ƙara wa haɗin walda juriya sosai, siffar haɗin da tsaftar aikin mai walda ne ke hukunci. Facin da aka liƙa a kan shasi mai tsaga ma yakan matsar da matsalar ne zuwa ƙarshen facin.

Wannan saurin raguwar rayuwar haɗi shi ne kuma ke sa kuskuren manhaja ya yi tsada. Raga mai manyan yankuna tana ɓoye matsi. A kusurwa mai kaifi kuma, duk yadda aka ƙanƙanta yankunan, adadin matsin sai ya yi ta hawa ba iyaka, don haka ba a yarda da shi. Maganin da aka saba shi ne a karanta matsin a ɗan nesa da bakin walda a miƙo layi zuwa gare shi, ko a zana bakin da lanƙwasa ta milimita 1.

Manhajoji

Cikin na kuɗi akwai Ansys, Abaqus da Nastran, tare da masu lissafin gajiya kamar fe-safe da nCode DesignLife. Lasisinsu na da tsada, shi ya sa na kyauta ke da amfani ga ɗalibi a Ngaundere ko Marwa: CalculiX, da Code_Aster na kamfanin lantarkin Faransa EDF, wanda aka sake kyauta a 2001 kuma bayanansa na asali da Faransanci suke. Kowace aka ɗauka, tarihin nauyin da aka auna a titin Turai ba zai wakilci hanyar Mora zuwa Kusiri da damina ba. Ana samun na gaskiya ne ta hanyar manna na'urorin auna miƙewa a jikin shasi, a ɗora wa motar lodin da ta saba ɗauka, a bi hanyar da ita ana naɗar bayanan.