Kwana da kwanaki a kan keke cikin kwaruruwan tsaunuka: tambayoyin 'yan Sakkwato

Matasan da muke fita da keke tare bayan sallar asuba a hanyar Wamakko sun daɗe suna tambayata game da irin tafiyar nan da ake yi rukuni-rukuni, ana ratsa kwaruruwan manyan tsaunuka da keke, jagora na gaba. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaitawa, zan kuma yi misali da tsaunukan Atlas na Maroko, don su ne suka fi kusa da mu a addini da abinci.

Malam, wace irin tafiya ce wannan?

Wanda ya san labarin fatake ya riga ya fahimci rabinta. Akwai madugu, akwai zango, akwai dabbar ɗaukar kaya. Mutum shida ko goma ne za su haɗu, su yi kwana huɗu zuwa mako guda suna tafiya daga ƙauye zuwa ƙauye, yawanci kilomita 30 zuwa 60 a rana. Da safe a hau tudu har a kai mashigin da ke tsakanin duwatsu, sannan a gangara kwari na gaba a kwana a masaukin ƙauye. Jakunkuna kuwa mota ce ke bi da su, inda mota ba ta shiga a ɗora wa alfadari.

A Maroko ana yawan tashi daga Marakesh. Ƙauyen Imlil bai kai kilomita 70 daga birnin ba, amma yana sama da mita 1,700 daga matakin teku, a gindin Tubkal, tsauni mafi tsawo a Arewacin Afirka, mai mita 4,167. Ba a hawa ƙololuwarsa da keke, kwaruruwan da ke kewaye da shi ake bi. Mu da Maroko ma ba yau muka saba ba: fatar jar akuyar Sakkwato da fatake ke ƙetare Sahara da ita, ita ce Turawa suka riƙa saye da sunan fatar Maroko.

Keken da nake zuwa kasuwa da shi zai yi?

Ba zai yi ba. Keken tsauni yana da taya mai faɗi da gurzago don ta kama tsakuwa, da shokozoba a gaba, wani har da baya, da giya mai sauƙi wadda za ka hau tudu kana juya feda ba tare da ka miƙe tsaye ba. Birkinsa na faifai ne irin na babur. Matasa ne a Kalifoniya ta Amurka suka fara gyara tsofaffin kekuna suna gangarowa daga tsauni a shekarun 1970, har wasan ya shiga gasar Olamfik a 1996. Ba sai ka ɗauko naka daga gida ba, masu shirya tafiyar suna bayar da haya. Ka dai tabbatar girmansa ya dace da tsawonka tun kafin a tashi.

Mu da muka saba da zafin Sakkwato, wace wahala ce za ta ba mu tsoro?

A nan nake son a saurare ni da kyau. Jikin da ya jure ranar watan Afrilu ta Sakkwato jarumi ne, amma abin da ke can sama wani abu ne dabam. Garinmu bai wuce kimanin mita 300 daga matakin teku ba. Idan ka kai mita 3,000, iskar da kake shaƙa a numfashi ɗaya kusan kashi 70 cikin 100 ce kawai ta abin da ake samu a bakin teku. Za ka ga ƙato mai ƙarfi yana haki a tudun da bai kai ya kawo ba.

Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon tsauni kan fara kama wasu: ciwon kai, tashin zuciya, kasala, rashin barci. Ba ruwansa da ƙuruciya ko ƙarfi. Maganinsa shi ne hawa sannu a hankali. Likitocin wannan fanni suna cewa idan an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Wanda kuma ya fara tangaɗi, ko ruɗewa, ko numfashinsa na sarƙewa alhali yana zaune, a sauko da shi nan take, ko da dare ne. Kada kunya ta sa ka ɓoye wa jagora ciwon kai.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Mai ciwon sikila yana cikin haɗari babba a wurin da iska ta yi ƙaranci, kuma ko mai rukunin jini na AS, wanda bai taɓa kwanciya ba, saifarsa na iya samun matsala a can. Don Allah a yi gwaji, a ga likita kafin a biya ko sisi.

Sai sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, ga iska, ga gumin da ya jiƙa maka riga. Hunturunmu bai kama ƙafar daren tsauni ba. Riga mai tare iska, safar hannu da hular sanyi dole ne.

Hawa ne ya fi wuya ko gangara?

Hawa ya fi gajiyarwa, gangara ta fi kai mutum asibiti. Mu 'yan ƙasar shimfiɗe ba mu taɓa yin rabin awa muna gangara ba tsayawa ba. Dole ka koyi miƙewa kan feda, ka ja jikinka baya kaɗan, ka saki gwiwa da gwiwar hannu, idonka na can gaba inda kake son zuwa. Birkin gaba shi ya fi tsayar da keke, amma idan ka damƙe shi farat ɗaya sai ya wuntsila ka. Ana matsa su biyun tare a hankali, a rage gudu kafin kwana, a riƙa saki don kada faifan ya yi zafi. Inda zuciyarka ba ta kwanta ba, sauka ka tura. Hular kwano ba a cire ta.

Me ya sa sai da jagora, ga taswira a waya?

Taswira ba ta san cewa ruwan jiya ya cinye hanya ba, ba ta kuma jin yaren Amazik da mutanen ƙauyukan ke yi. Jagora ya san inda ruwan sha yake, yana karanta hadari, yana gyara kaca idan ta tsinke, ya san ta inda mota za ta iya zuwa ɗaukar wanda ya ji rauni. A yankin Tubkal ma hukuma ta wajabta wa masu hawan tsaunin ɗaukar jagora tun bayan kashe wasu 'yan yawon buɗe ido mata biyu a ƙarshen 2018. Ga kuma girgizar ƙasar 8 ga Satumba, 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3,000 a wannan yanki, ta rusa ƙauyuka da hanyoyi. Ɗan gari ne ya san abin da aka gyara. Kafin ka amince da kowa, ka tambaya ko yana da lasisi da horon agajin gaggawa, mutum nawa yake ja, kuma inshorarka ta haɗa da hawan keke a tsauni.

Sallah da abinci fa?

Nan hankali kwance. Ƙauyukan na Musulmi ne, Malikawa irinmu, da wuya ka ga wanda babu masallaci. Abinci kuskus ne da miyar tukunyar tajin da gurasa da shayin na'ana'a. Ka faɗa wa jagora lokutan sallarka tun ranar farko, ka kuma tambayi malaminka hukuncin ƙasaru kafin tafiya. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Afrilu zuwa Mayu, ko Satumba zuwa Oktoba.

To, ta ina zan fara daga nan Sakkwato?

Ka ba kanka wata uku. Ka riƙa fita sau uku ko huɗu a mako da sanyin safiya, cikin jama'a, a hanyoyin da aka san lafiya lau ne. Ka nemi tudun marmara ka yi ta hawa da sauka. Abin da aka fi mantawa shi ne fita kwana biyu ko uku a jere, don ƙafa da mazauni su san yadda ake komawa kan sirdi da gajiyar jiya. Ka koyi faci da hannunka.

Kafin ka kashe kuɗin jirgi daga Legas zuwa Kazablanka, gwada kanka a gida. Jos tana kusan mita 1,200, tsaunukan Shere na gefenta sun haura 1,800. Mambila a Jihar Taraba ta fi Jos tudu, kuma a jihar ne Cappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Ka yi kwana uku a Jos kana hawa da gangara, ka lura da numfashinka, da barcinka, da yadda yatsunka suke ji a kan birki a rana ta uku.