Wai "yana riƙe da eis", to sai me?

Kwanan nan duk tashar da ka kunna sai ka ji mai sharhi yana cewa ɗan takara kaza "yana riƙe da eis", wai shi nan zance ya ƙare a naɗe tabarma. Ni abun nan haushi yake ban wallahi, don a gun masu kalmar ma ba haka take ba.

Maganar 'yan karta ce, musamman foka irin ta Texas Hold'em da ake yi a Amurka, inda eis, wato kati mai alamar A, ya fi kowane kati daraja. Ba cewa nake a je a yi caca ba fa, lissafin ne ya dame ni. Kowa ana raba mai kati biyu a rufe, su ne hannun farawa, daga baya a buɗe biyar a tebur kowa ya haɗa da nashi. Hannun farawa iri 169 ne, kuma eis biyu shi ne babbansu, sau ɗaya cikin 221 yake faɗo maka. To amma ko shi ɗin, in mutum ɗaya kake karawa da shi wajen kashi 85 cikin 100 ne naka, in kuwa mutum tara suka tsaya har ƙarshe sai ka koma wajen 31, wato an fi cin ka kenan. Balle eis guda ɗaya tal. Eis da sarki, da mutane ke ganin ba kamarsa, in ya haɗu da mai 2 guda biyu kusan kunnen doki ne, har ɗan 2 ɗin ma ya ɗan fi shi.

Ku duba gasar foka ta duniya ta 1976 a Las Vegas. Saura mutum biyu, Jesse Alto yana da eis da J, Doyle Brunson kuwa 10 da 2, hannun da ko ɗan koyo zai wurgar. Aka buɗe ukun farko: eis, J, 10. Alto ya haɗa biyu-biyu, wato eis biyu da J biyu, kowa ya ɗauka ta ƙare. Na huɗu ya fito 2, na biyar 10, Brunson ya haɗa 10 uku da 2 biyu, wanda ya fi na Alto, ya kwashe komai, mai eis ya tashi yana kakkaɓe riga. A 1977 kuma Brunson ya sake cin gasar da 10 da 2 ɗin nan dai, shi ya sa har yau 'yan foka suke kiran hannun da sunansa.