Manja ba ya warkar da ƙunar dabba

Jama'a, musamman masu raguna a Alaba Rago da Agege a Legas, wannan shafa wa dabba manja ko baƙin mai in ruwan zafi ya zubo mata wallahi cutarwa ce, man riƙe zafin yake a fata, ga datti, sai gurin ya ruɓe ƙudaje su yi ta bi. Ruwan famfo za ka yi ta kwararawa kamar minti 20, ban da ƙanƙara. Eh, zuma da alobera na taimakawa, amma fa ba kowane ganye ake kirɓawa a liƙa ba. In ƙunar ta yi zurfi, sai likitan dabbobi.